Ƙishirwar Mai Rabon Ruwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gonaki tsakanin Kura da Bunkure da safe kafin shekarar 2006, to ya ga Isiyaku Mai Makulli, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri kamar karan dawa, tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, da wani lanƙwasasshen ƙarfe saɓe a kafaɗa. Ƙarfen nan shi ne makullin ƙofar ruwa ta ƙaramin kanal ɗin Ƙwarin Maje. Da shi ake murɗa ƙofar ta ɗaga, ruwa ya shiga gonaki, da shi ake mayar da ita. Shekara ashirin da uku yana hannun Isiyaku. Ko makewayi zai shiga, sai ya jingine shi inda zai riƙa hango shi ta ramin zana.

Gonaki arba'in da bakwai ke sha daga wannan ƙofa, kowa da ranarsa, kowa da awanninsa, kuma babu inda aka rubuta. Duk yana cikin kan Isiyaku, kan da bai wuce girman gwanda ba. Ya san tumatirin wa ya kwana uku bai sha ba, ya san alkamar wa ta fara fitar da kai, ya san albasar wa aka yaye, wato aka yanke mata ruwa don ta bushe kafin a cire. Ka tashe shi daga gyangyaɗi a gindin mangwaro ka ce, "Yau ruwan wa?" zai jero maka sunaye har da na kakanninsu, idonsa a rufe. Lokacin da aka zo haƙa kanal ɗin yana cikin leburorin da suka ɗauki ƙasa a kwanon sarki, shi ya sa yake ganinsa kamar ɗansa na fari. Har kwaɗin ciki ya san muryar kowanne.

Amma gogan naku yana da halaye uku da suka taru suka jira shi a hanya. Na farko, shekarunsa hamsin. Hamsin suke tun kafin a yi wa babban ɗansa aure, wanda yanzu yake da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Na biyu, shayi. Sukari yake zubawa sai cokali ya tsaya da kansa a tsakiyar kofi. An gaya masa a asibitin Kura yana da ciwon sukari da hawan jini, ya ce na'urar ce ta yi zafi. Na uku kuwa ƙaba ce, da ya samo wajen murɗa ƙofa da ɗaga buhuna. Shekara tara yana ɗaure ta da tsohon rawani a ƙarƙashin riga, matarsa Saude kaɗai ta sani.

Wata safiyar Laraba a cikin watan Maris, ya dafa makulli ya murɗa, sai ƙabar ta murɗe ita ma. A bayan motar tumatir aka kai shi wani asibiti a birni, kwance tsakanin kwanduna, yana salati da ƙarfi har mutanen Kumbotso suka ɗauka ayarin alhazai ne. Duk da haka, da likita ya sunkuyo yana tambaya, bakin bai daina halinsa ba.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Hamsin."

"Kana da sukari ko hawan jini?"

"Allah ya kiyaye, ɗana. Mu manoma ina muka ga wannan?"

Awa huɗu aka yi ana aiki, saboda hanjin ya shaƙe har sai da aka yanke wani yanki. Ya farfaɗo, ya kwana tara, aka sallame shi. Ɗinki ya yi kyau. Kowa ya ce an auna arziki.

A gida aka miƙa jinyarsa hannun Iya, yayarsa, wadda ko mai unguwa ba ya musu da ita. Iya ta zauna da shi a asibiti, kuma ta ji da kunnenta, kwana biyun farko, ma'aikaciya tana cewa kada a ba shi ko ɗigon ruwa. Da aka janye wannan doka Iya tana waje tana alwala. Sai ta haɗa abin da ta ji da abin da ta sani tun tana yarinya: mai ɗinki a ciki ba ya shan ruwa, zaren zai jiƙe ya warware. Ta yanke hukunci, ludayi ɗaya da safe, ludayi ɗaya da yamma. Ta sa aka toshe taga da zane biyu kada iska ta shiga ciwon. Ta karɓe rediyonsa. Ta cire masa tabarau ta ajiye a cikin kwalla, wai mara lafiya me zai kalla. Wannan kuwa a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

Ga masu dubiya. Tun daga hantsi har magariba ɗakin ba ya rabuwa da mutane, kowa da "Ya jiki?" kowa kuma da maganinsa. Wannan ya kawo ƙwayar barci da ta yi wa surukinsa amfani, wancan ya kawo ruwan maganin tari, wata ta kawo jiƙo a kwalbar lemo. Iya ba ta mayar da alheri. Duk sai ya sha, da busasshen maƙogwaro.

A rana ta huɗu Muhammadu Sani, shugaban ƙungiyar manoma, ya durƙusa a bakin gado. Shi ya riƙe makullin na wucin gadi yana ta kame-kame.

"Baba Isiyaku, mun gode wa Allah da ka dawo. Mun sha wuya. Gobe ruwan wa?"

Isiyaku ya buɗe baki kamar yadda ya saba. Ya miƙa hannu cikin kansa inda sunayen suke zaune shekara ashirin da uku, sai ya ji babu komai. Ba wai sun rikice ba ne. Wurin ne fayau, kamar rumbun da aka share. Ya ji gumi mai sanyi yana bin bayansa. Gobe wace rana ce ma? Ya kalli taga, duhu. Ya kalli fuskar mai tambayar, ba tabarau, sai wani abu mai hula. Can ƙasa ya ji suna ɗaya yana yawo, sai ya cafke shi kamar mai nutsewa.

"Lukmanu," in ji shi. "A ba Lukmanu, tun safe har azahar."

Muhammadu Sani ya so ya yi magana. Amma wa zai yi gardama da Isiyaku a kan ruwa? Ya tashi ya tafi.

Albasar Lukmanu kuwa an yaye ta kwana goma, saura kwana uku a cire. Shi kansa ya tafi Dawakin Kudu gaisuwar mutuwa. Ya dawo ya tarar da gonarsa ta zama tafki, har agwagi sun zo yawon shan iska. Cikin mako rabin albasar ya ruɓe, warin har bakin titi.

Ba wanda ya gaya wa Isiyaku kai tsaye. Ta bayan zana ya ji mata suna magana ƙasa-ƙasa. Daga ranar tsoro ya tare a ɗakin ya shimfiɗa tabarmarsa. Ya tayar da sallar azahar a zaune, ya kai tsakiyar Fatiha, sai ya tsaya cak. Fatihar da ya haddace tun bai iya ɗaura wando ba! Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya yi sallama bai san raka'a nawa ya yi ba. Saude ta shigo da kunu, ya dube ta ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu shekara talatin da suka wuce. Ta saki ludayi. Wata rana da la'asar ya ga ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi wuluk, yana hawa ƙafar gado. Ya ƙwalla ihu a rufe ƙofar ruwa, a rufe! Aka shigo a guje, ba komai sai busasshiyar ƙasa da takalman masu dubiya.

"Malam, ni ce fa, Saude," take cewa tana kuka. "Ka dube ni."

"Ruwa," in ji shi. "Ki ba ni ruwa."

Ta kalli Iya. Iya ta girgiza kai. "So kike cikinsa ya buɗe a hannunki? Ya sha na safe."

A waje kuwa magana ta yi fiffike. Wasu suka ce mutanen ɓoye na kanal ne suka gaji da murɗa musu ƙofa. Wasu suka ce a asibiti an manta ba a mayar masa da wata jijiya ba. Wani ma ya rantse an musanya masa jini da na ɗan kasuwar Kwari, shi ya sa bai san gona ba. Ƙungiya dai ta ce ranar Juma'a bayan masallaci za a zauna a kan maganar makulli. Kafin nan, don kada ransa ya ɓaci, aka dawo masa da shi aka jingine a kusurwar ɗaki, aka rufe ƙofar ruwan rabi kowa yana ɗiba yadda ya samu.

Wannan kalma ta Juma'a ita kaɗai ta zauna a kansa ba ta zame ba. In aka karɓe makullin, to an gama shaida cewa Isiyaku ya haukace. Yara za su riƙa binsa a baya. Ya kwanta yana kallon inuwar ƙarfen a kusurwa, yana jero ranaku a zuci, Asabar, Lahadi, sai ya ɓace, ya koma Asabar.

Ranar Litinin da tsakar rana, Iya ta gyangyaɗa, Saude na daka a bayan gida. Ya tashi da dafa bango, ya saɓi makullin, ya fita ba takalmi. A ransa, in dai ya ga ƙofar ruwan da idonsa, komai zai dawo.

Hasken rana ya mare shi. Ya bi hanyar da ƙafarsa ta haƙa da kanta, har ya kai inda kanal ya rabu biyu a gindin wata tsohuwar giginya. Nan ya tsaya. Dama ko hagu? Ya bi wannan mararraba sau dubu ashirin, in ba a yi ƙari ba. Ya dubi dama, kore shar, gonakin wasu mutane. Ya dubi hagu, haka. Ya juya don ya koma gida, sai ya ga bayan ma bai san shi ba. Babu kowa, sai kukan balbelu da ƙarar injin ban ruwa can nesa. Ya ce, "Inna lillahi," muryar ta fito kamar ta wani. Ya zube a bakin kanal, makullin ya faɗi ya yi ƙara a kan siminti.

Ga ruwa nan a gabansa yana wucewa, sanyinsa na taɓa fuskarsa. Harshensa ya zama kamar tsohuwar fata. Ya san dokar Iya, wannan bai manta ba. Zare zai jiƙe, ciki ya buɗe, hanji ya zubo. Ya dafe ɗinkin da hannun hagu, ya rufe ido, ya yi kalmar shahada, sannan ya sa hannun dama ya kamfata ya sha. Ya ƙara. Ya ƙara. Mutanen Bunkure sun ce ranar ruwa ya ragu a wajensu da taƙi guda. Da ya ƙoshi, ya kwanta rigingine, hannu biyu a kan ciki, yana jiran ya ji ɓarakar.

A haka Hamma ya same shi, wani Bafulatani da ke kawo shanunsa shan ruwa a wajen kullum.

"Kai, Baba Mai Makulli! Kwana kake a ofis yau?"

"Bawan Allah," in ji Isiyaku, ko motsi bai yi ba, "duba mini ciki. Ya buɗe?"

Hamma ya ɗaga rigar da bakin sandarsa. "Yana nan a ɗinke kamar salka. Ba ka gane ni ba? Ni da kake kora kullum wai shanuna na rusa maka gaɓa?"

"Ina ne nan?"

Dariyar Hamma ta tsaya. Ya dube shi sosai, ya ɗauki makullin, ya kama hannunsa kamar na ƙaramin yaro, ya bar shanun da ƙaninsa, ya kai shi har ƙofar gida.

Ranar Saude ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsallake Iya. Ta je wajen mai kiran waya a bakin titi ta sa aka nemo Halimatu Sa'adiyya, autar Iya, wadda ke aikin jinya a Kura. Kafin la'asar ta sauka daga acaɓa da jakarta. Ta shiga ɗakin, ta tsaya, ta toshe hanci.

"Iya, kawu ne a nan ko daddawa kuke tsimawa?"

Ta fizge zannuwan taga. Ta tsunkuli fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye kamar tantin makiyaya, ta ƙi komawa. Ta huda yatsansa ta gwada sukari, ta kalli na'urar, ta yi salati. Sannan ta jawo ledar magunguna daga ƙarƙashin gado ta zazzage. Kala goma sha ɗaya. Uku kawai asibiti ya bayar.

"Ruwa nawa yake sha?"

"Ludayi biyu," in ji Iya da ƙarfin hali. "A asibitinku aka hana."

"Na kwana biyu aka hana, Iya! Kwana biyu! Yau kwana nawa? Zaren ɗinki ba zaren kaɗi ba ne da zai jiƙe."

"To aljanun fa?" in ji Saude a hankali.

"Inna, ga aljanun nan a leda." Ta juya ga Isiyaku, ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya. "Kawu, ka ji ni. Wannan abu yana samun tsofaffi bayan babban aiki, mun sha gani. An sa ka barci awa huɗu, jikinka ya sha wuya. Ƙwaƙwalwar yaro takan tashi ta kaɗe riga, ta tsoho sai a hankali. Ga sukari, ga hawan jini da ka ɓoye. Sannan aka zo aka hana ta ruwa, aka rufe ta a duhu ba ta san dare ba ta san rana, aka hana ta hutu, aka ɗura mata ƙwayar barci. Ko ni aka yi wa haka sai na kira Iya da sunan jaki. Tsakani da Allah, shekarunka nawa ka ce wa likita?"

Ya sunkuyar da kai. "Hamsin."

"Hamsin! Iya tana da saba'in da huɗu, kai ke bi mata. Ko a hanya ka tsaya shekara ashirin kafin ka iso?"

Ba wanda ya yi dariya sai Saude, ita ma cikin hawaye. Isiyaku ya kama bakin mayafin Halimatu.

"Hankalina zai dawo?"

"Ruɗewar nan za ta lafa, in Allah ya yarda. Sauran kuwa, wani yakan dawo duka, wani rabi. Ba zan yi maka ƙarya ba, Kawu."

Ta sa masa ƙarin ruwa a nan take, ta rataya ledar a ƙusar da ake rataya rediyo. Ta fito da tabarau daga kwalla. Ta kafa doka ta fi ta Iya tsanani: masu dubiya bayan la'asar kawai, mutum uku-uku, kuma kowa ya bar maganinsa a aljihu. Ruwan kanal da ya sha ma sai da ta ba shi magani a kansa tana faɗa. Iya ta koma gefe ta zauna, amma tun daga ranar ita ke bin sa da moɗa, ko tari ya yi sai ta ce ya sha.

Zuwa Laraba ya gane Saude tun daga bakin ƙofa. Alhamis ya kai ƙarshen Fatiha, ya fashe da kuka a kan sallaya. Sunayen gonaki suka fara lallaɓowa ɗaya-ɗaya kamar awakin da suka yi ɓarna. Ya wuni yana jera su, yana lanƙwasa yatsu. Halimatu ta ce ya nemi a ɗaga zaman, ya ƙi. A ganinsa neman ɗagi ma shaida ce.

Ranar Juma'a aka zauna a inuwar masallaci, manoma sun fi arba'in. Isiyaku ya zo da farar riga, makulli a kafaɗa. Lukmanu yana can gefe, bai ɗago kai ba.

"Baba," in ji Muhammadu Sani, "ba mu zo tozarta ka ba. In ka ce ka warke, mun yarda."

"A'a. Ku saurara."

Ya gyara tabarau ya fara. Asabar, ya jero mutum bakwai, ba gargada. Aka yi kabbara ƙasa-ƙasa. Lahadi, ya kawo su duka, har ya tuna cewa gonar Hammadu tana kan tudu, sai an ƙara mata rabin awa. Litinin ya ɗan yi tuntuɓe, ya gyara da kansa. Mutane suka fara murmushi.

"Talata," in ji shi.

Sunan bai zo ba. Ya sake cewa, "Talata." Ya miƙa hannu cikin kansa, ya taɓa wannan sharen rumbun. Ya ji gumin nan mai sanyi ya dawo. Wa ake farawa da shi ranar Talata? Ya san gona ce kusa da kwalbati, ya san akwai bishiyar zogale a kusurwarta, har yana ganin ta. Ta wa ce? Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ko zai ga mai ita. Duk wanda ya kalla sai ya sunkuyar da kai.

Lukmanu ne ya matso, ya durƙusa a gabansa, ya yi magana yadda ba kowa zai ji ba, amma kowa ya ji.

"Baba, Talata ai da kai ake farawa. Gonarka ce."

Isiyaku ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sauke makullin daga kafaɗa, a hankali, da hannu biyu, ya ɗora a kan cinyar Lukmanu.

"Na ruɓar maka da albasa," in ji shi. "Ba zan ruɓar da ta wani ba. Riƙe. Kuma ku shaida, shekaruna saba'in da ɗaya."

"Da biyu," in ji wani tsoho daga baya.

Makullin bai sake komawa hannunsa ba. Kafin damina ta sauka yawancin sunayen sun dawo, ya koma gane hanya, ya koma yi wa Hamma masifa a kan shanu. Amma kan bai koma kamar da ba. Yakan shiga ɗaki ya tsaya bai san me ya kawo shi ba, kuma in mutum biyu suka yi masa magana lokaci guda sai ya daburce. Kullum da safe yana bin Lukmanu zuwa ƙofar ruwa, ba ƙarfe a kafaɗa, sai wata gorar ruwa ta lita biyar da Iya ta ɗinka wa igiya, yana tafe yana kurɓa kamar raƙumin da aka gaya wa za a shiga sahara. Yakan tsaya a gefe yana cewa murɗawar ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, Lukmanu yana cewa, "To, Baba."

Saude ta ce har yanzu in ya farka ba ya buɗe ido nan da nan. Sai ta ga leɓɓansa na motsi, yatsu na lanƙwashewa a kan bargo, Asabar, Lahadi, Litinin. In ya kai Talata sai ta riƙe numfashi, ta tsaya da tsintsiya a hannu, har sai ta ji ya ce, "Ni."